Sa'ad da Zuciya Ta Yi Nauyi: Ciwon Damuwa da Tunanin Cutar da Kai

Idan mutum ya kamu da zazzaɓi, kowa ya san abin yi. A taɓa jikinsa, a kai shi asibiti, maƙwabta su zo dubiya da kwanon kunu. Amma akwai wani ciwon da ba ya sa jiki zafi, ba ya kuwa kumburi. Mai shi yakan je gona, ya je kasuwa, in an gaishe shi ya amsa da "lafiya lau", alhali a cikinsa ya gaji da rayuwa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskoki da yawa sun iya ɓoye labarin.

A wuraren rabon abinci da iri, da wuraren da 'yan gudun hijira suke zama, muna haɗuwa da irin waɗannan mutane. Buhun masara yakan kai su wata guda, amma ba ya sauke nauyin da ke zuciya. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana a fili a kan ciwon damuwa, da kuma tunanin da yakan zo wa mutum na ya ji wa kansa rauni ko ya kashe kansa. Abu biyu muke so kowa ya riƙe. Na fari, ciwon damuwa yana da magani. Na biyu, tunanin cutar da kai yakan taso da ƙarfi, amma yakan sauka. Wanda aka taimake shi ya wuce wannan sa'a, ƙofar warkewa a buɗe take gare shi.

Mene ne ciwon damuwa?

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko gobara ta cinye rumbunsa, dole ya yi kuka, kuma da tafiyar kwanaki yakan soma samun sauƙi. Ciwon damuwa ya bambanta da wannan, domin yakan zauna ya ƙi tashi. Ma'aikatan lafiya sukan yi zatonsa idan mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kowace rana, zuciyarsa a ɓace, ko kuwa abubuwan da suke faranta masa rai a dā sun daina yi masa daɗi. Tare da wannan akan ga waɗansu daga cikin waɗannan alamu:

• rashin barci, musamman farkawa da tsakar dare, ko kuwa barcin da ya wuce kima
• rashin son abinci da ramewa, ko yawan ci
• kasala da gajiya ko ba a yi aikin komai ba
• mantuwa da kasa tsai da hankali a kan abu ɗaya
• ganin kai ba shi da amfani, da ɗora wa kai laifin komai
• fid da zuciya ga gobe
• tunanin mutuwa.

A wurinmu mutane ba su cika cewa "ina da damuwa" ba. Abin da za ka ji shi ne ciwon kai da ba ya jin magani, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar kai, ko "tunani ya yi mini yawa". Mutum yakan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau da yawa, jikin bai sake ba, domin ba nan ciwon yake ba.

Ciwon ba na Turawa ba ne, ba kuwa na masu kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 332 ne suke fama da shi, kuma ya fi kama mata fiye da maza. Fiye da mace ɗaya cikin goma takan yi fama da shi a lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa. A wannan shekara ta 2021 kuma mutum wajen 727,000 suka kashe kansu a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Me yake kawo shi?

Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado, akwai abin da ya sami mutum. Rasuwa, rikicin da ya raba mutum da garinsu, garkuwa da ɗan'uwa, bashi, rashin aiki, duka ko wulaƙanci a gidan aure, fyaɗe, gorin rashin haihuwa, duk suna iya buɗe masa ƙofa. Doguwar jinya irin ta tarin fuka, ƙanjamau, sikila ko ciwon sukari takan jawo shi. Giya da ƙwayoyi irin su tiramadol sukan ƙara shi, ko da yake mai sha yana ganin sauƙi yake nema. Wani lokaci kuma yakan zo ba tare da wani dalili da ido zai gani ba.

Ya kamata mu daina cewa mai wannan ciwo rago ne, ko bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, yadda ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Ba a soma da tsawata masa ba. Barci ya yi, aka ba shi abinci da ruwa, daga baya aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ba mu hana mai karaya zuwa wurin ɗori domin muna yi masa addu'a.

Ji wa kai rauni da neman mutuwa

Waɗansu, musamman matasa, sukan ji wa jikinsu rauni a ɓoye ba domin suna so su mutu ba. Zafin da ke zuciya ne ya fi ƙarfinsu, sai su mai da shi zafin jiki, su sami sauƙi na ɗan lokaci. Bayan haka kunya ta biyo baya, damuwa ta ƙaru, su sake. Iyaye sukan gane ta wurin tabo a hannu ko cinya, ko yaro ya nace wa riga mai dogon hannu a tsakiyar bazara. Duka da zagi ba sa tsai da wannan hali, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. Kada kuma mu ce neman a kula da shi kawai yake yi. Wanda ya taɓa ji wa kansa rauni ya fi sauran mutane shiga hatsarin kashe kai nan gaba, saboda haka kowane rauni abin ɗauka da muhimmanci ne.

Shi kuwa mai tunanin kashe kansa, yawanci ba mutuwar yake so ba, azabar yake so ta ƙare. Zuciyarsa biyu ce, ɗaya na ja, ɗaya na riƙewa. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka yi yunƙuri suka rayu ya nuna cewa da yawansu 'yan mintoci ne tsakanin yanke shawara da aikatawa. Ya kuma nuna cewa wajen tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba su mutu ta wannan hanya daga baya ba. Wannan yana koya mana cewa sa'ar hatsari gajeruwa ce, kuma wanda ya wuce ta yakan ci gaba da rayuwa.

Idan tunanin ya taso maka

Duk wanda ya yi tafiya da damina ya san rafin da yakan kawo bayan ruwan sama. Mai hankali ba ya faɗa masa. Yakan zauna a bakin gaɓa ya jira, ba da jimawa ba ruwan ya janye, har yara su haye. Haka wannan tunani yake. Ba a ce ka warware dukan matsalarka yau da dare ba. Aikinka shi ne ka wuce wannan sa'a. Ga abin da yake taimako:

1. Jinkirta. Ka ce wa kanka ba za ka yi komai ba sai bayan minti goma sha biyar. In sun cika, ka ƙara waɗansu.
2. Tashi daga inda kake. Fita daga ɗaki, ka nisanci abin da kake tunanin amfani da shi, ka je inda mutane suke, ko tsakar gida, ko wurin mai shayi, ko gidan maƙwabci. Ba lallai ka yi magana ba.
3. Ka ba jiki wani abin ji. Wanke fuska da ruwan randa mai sanyi, ko riƙe ƙanƙara a hannu. Ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, har sau goma.
4. Motsa jiki da ƙarfi. Tafiya da sauri, ɗiban ruwa, daka, wanki.
5. Gaya wa mutum ɗaya. Ka faɗa a fili: "Ina tunanin cutar da kaina, zauna tare da ni."
6. Kada ka sha giya ko ƙwaya a wannan lokaci, gama su ne suke kwance birkin da ke riƙe mutum.

Zai fi kyau a shirya tun kafin ruwa ya kawo. A ranar da ka ji dama, ka zauna da wanda ka amince da shi, ku rubuta a takarda ɗaya: alamun da suke nuna maka abin yana zuwa, abubuwan da suke kwantar maka da hankali, wuraren da za ka iya zuwa, sunayen mutum uku da lambar wayarsu, asibitin da ya fi kusa, da kuma abin da kake rayuwa dominsa, ko 'ya'ya ne, ko tsohuwa, ko wani buri. Wanda bai iya karatu ba, a ɗaukar masa da murya a waya. A sa'ar da hankali ya gushe, takardar za ta yi maka tunani.

A fid da guba daga gida

Mu manoma ne, kuma kusan kowane gida yana da maganin feshi, na ƙwari ko na ciyawa, sau da yawa a ƙarƙashin gado ko a kusurwar ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya ta wannan hanya ne, yawancinsu a karkara. Shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani sanannen maganin ƙwari a kasuwanni da kantunan Nijeriya.

Ƙasar Siri Lanka ta nuna abin da nisanta guba yake iya yi. A 1995 tana cikin ƙasashen da aka fi kashe kai a duniya. Gwamnati ta yi ta hana shigo da magungunan feshi mafi hatsari, kashi bayan kashi. Cikin shekara ashirin yawan masu kashe kansu ya ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari, an ƙiyasta rayuka 93,000 suka tsira tsakanin 1995 da 2015, amfanin gona kuwa bai ragu ba. Matsalolin mutane ba su ƙare ba, amma sa'ar hatsari ta riƙa wucewa suna da rai.

A can ne kuma aka gwada raba wa gidaje mazubi mai kulle, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna kulle kaɗai bai rage shan guba ba. Saboda haka idan akwai mai damuwa a gida, kada a tsaya ga kwaɗo da makulli. A kai maganin feshi ajiya wani gida dabam, haka ma bindigar farauta da tarin magungunan asibiti. A sayi abin da za a fesa a ƙare a ranar, kada a yi ajiya.

Yadda za mu taimaki ɗan'uwa

Mu lura da waɗannan alamu: mutum ya janye daga jama'a, yana cewa ya zama kaya ga iyalinsa ko gara ba shi, yana rabar da kayansa, yana bin mutane yana neman gafara da sallama ba tafiya a gabansa, ko ya natsu farat ɗaya bayan doguwar damuwa.

In mun ga haka, mu tambaya kai tsaye. Mutane suna tsoron tambaya za ta sa masa tunanin da ba shi da shi. An bincika, ba haka ba ne. Sau da yawa mutum yakan ji an sauke masa kaya. A keɓe, a zauna, a ce: "Yaya, na ga kwanan nan ba ki cin abinci, ba ki fitowa. Kina tunanin kashe kanki ne?" In ta ce i, kada mu firgita, kada mu yi wa'azi, kada mu ce "ki dubi waɗanda suka fi ki wahala". "Yi haƙuri" magana ce mai kyau, amma in ita kaɗai muka kawo, takan zama murfin rufe baki. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka zauna tare da shi shiru, fiye da lokacin da suka buɗe baki. Mu saurara. Kada kuma mu yi alkawarin rufa asiri a inda rai yake cikin hatsari. Mu ce mata, "Ba zan bar ki da wannan ke kaɗai ba, wa kike so mu gaya wa?"

A al'adarmu akwai kunya tsakanin ɗa da mahaifi, tsakanin suruka da matar ɗa. In kai ba za ka iya tambaya ba, nemi wanda zai iya: aboki, ƙanwar uwa, taubashi, ko kaka, wadda jika yake iya gaya wa abin da ba zai gaya wa uwarsa ba.

Maganar kaka ta kai mu Zimbabwe. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya soma wani shiri a Harare da ake kira Bencin Abota. A harshen Shona ana kiran wannan ciwo da kalmar da take nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna da mai damuwa a kan benci a harabar asibiti har zama shida. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya faɗi duk abin da ke damunsa, ya zaɓi matsala ɗaya, su lissafta hanyoyin da za a bi, shi da kansa ya zaɓi hanya ɗaya da zai gwada kafin zama na gaba. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a benci suke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50 ne. Muna da tsofaffi masu hikima a zumuntar mata, a ƙungiyoyin adashi, a majalisun unguwa. Abin da suke bukata shi ne horo da ma'aikacin lafiya da za su riƙa tura masa wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Magani da hanyar warkewa

Mai ciwon damuwa yakan ce, "Sai na ji dama zan tashi." Amma a wannan ciwo tashi ne yake kawo jin dama. A zaɓi ƙaramin aiki ɗaya kowace rana, ko wanka da fita hantsi, ko ba akuya dusa, ko raka wani coci ko masallaci. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, a ci abinci tare da mutane. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan ciwon ya hana mutum aiki ko kula da yara, ko akwai tunanin mutuwa, a je asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai a Nijeriya duka, amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da nas-nas da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci su gane wannan ciwo su kuma yi maganinsa. A soma da asibiti mafi kusa. In ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne.

In an rubuta magani, a san cewa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsa. A ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, kada a daina farat ɗaya sai da shawarar likita. Wani babba a gida ya riƙe maganin, ya riƙa bayarwa kullum. A makonnin farko a sa ido sosai, musamman a kan matasa. Kada a sayi irin wannan magani a kemis ba takardar likita.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya 'yancin a kula da shi cikin mutunci. Ɗaure mutum da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci da sunan magani, zalunci ne ko a ina aka yi shi. Dokokin da aka gada daga zamanin Turawa sun mai da yunƙurin kashe kai laifi, wannan ya sa iyalai da yawa suke ɓoye nasu a ɗaki. Gana ta soke tata a 2023. Kada tsoron hukuma ko surutun mutane ya hana mu kai ɗan'uwa asibiti. Rai ne a gaba.

Idan abin ya riga ya faru

• Kada a bar mutumin shi kaɗai. A nemi abin hawa nan take zuwa asibiti. Lambar gaggawa a Nijeriya ita ce 112.
• In guba ya sha, kada a ba shi manja, madara ko ruwan gishiri, kada a sa shi amai.
• A tuɓe masa rigar da maganin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe.
• A tafi da kwalbar ko kwalin domin likita ya gani. A je ko da ya ce ya ji sauƙi.
• In rauni ne, a danne shi da tsumma mai tsabta.
• Bayan an sallamo shi, makonnin farko su ne mafi hatsari. A tsara masu zuwa dubiya, kowa da ranarsa. Zumunci a ƙafa yake.

Mai jinya ma yana gajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka kada a bar wa mace ɗaya ko ɗa ɗaya dukan nauyin.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Da waɗanne kalmomi mutanen garinmu suke kwatanta wannan ciwo? Waɗanne ne suke sa mai shi ya ɓuya?
2. A ina muke ajiye maganin feshi? Akwai wurin da za mu iya tara shi nesa da ɗakunan kwana?
3. Su wane ne a cikinmu mutane suka saba kai wa kukansu? Yaya za mu samo musu horo?
4. Wane asibiti ne mafi kusa, kuma wa yake da abin hawan da za a iya tasa da dare?
5. Wa ya daina zuwa taronmu kwanan nan, kuma wa zai je gidansa a wannan mako?